AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ɗana ya shiga ƙungiyar ƙwallon kwaleji, in bar shi ko in hana shi?

  

A wannan mako jakarmu ta zo da wasiƙu uku daga ƙasar Ruma, kuma duk ukun a kan ƙwallo suke. Saboda haka na ga ya fi kyau in haɗa su wuri ɗaya, tun da amsar wannan tana jingine da ta wancan.

Wasiƙa ta farko daga wani dattijo ce, manomi a garin Ruma cikin ƙaramar hukumar Batsari, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce ɗansa yana shekara ta biyu a wata kwalejin horon malamai. Raguna biyu ya sayar, ya haɗa da buhunan gero, kafin ya iya biyan kuɗin makarantar. To, bana yaron bai zo girbi ba. Ya aiko cewa an zaɓe shi cikin 'yan ƙwallon kwaleji, kuma suna shirin gasar shiyya. Dattijon ya ce shi dai a saninsa taura biyu ba ta taunuwa, don haka yana neman shawara: ya aika masa ya bar ƙwallon nan, ko ya zuba masa ido?

Ta biyu daga wani mai sayar da rogo ce a kasuwar Batsari. Ya ce kullum yana jin muna cewa kakar wasa, muna cewa maki, muna cewa ƙungiya ta faɗa. Yaya za a yi ƙungiya ta doke manya a gabanka, sa'an nan daga baya a ce ta faɗa? Ya ce haka aka yi wa Katsina United, kuma har yau abin bai daina ba shi haushi ba.

Ta uku kuwa wani tela ne a Runka cikin ƙaramar hukumar Safana. Ya ce ya gani a wayar yaron shagonsa, wasu ƙarti sanye da hulunan kwano suna rungumar ƙwallo suna gudu da ita, ga jama'a kamar ranar hawan Salla. An ce masa wai 'yan makaranta ne a Amurka. Gaskiya ne?

Baba na Ruma, ka yi mini haƙuri, taka ce ta fi nauyi, amma ita zan bari ƙarshe. Bari in fara share fage da na sauran.

YADDA KAKAR WASA TAKE

Malam mai rogo, Allah ya ba da kasuwa. Abin da ya rikita ka shi ne, gasar ƙwallo iri biyu ce. Akwai gasar kofi, wadda ake yi wa laƙabi da sili ɗaya ƙwale: aka doke ka sau ɗaya, ka tattara kayanka ka koma gida. Akwai kuma gasar lig, wadda kowace ƙungiya za ta kara da kowace, sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidan abokiyar karawarta. Wanda ya ci wasa ya sami maki 3. In an yi kunnen doki kowa ya sami maki 1. Wanda aka ci kuwa ya tashi a tutar babu. Watannin da ake ɗauka ana wannan zagaye su ne ake kira kakar wasa.

A babbar gasar Nijeriya ƙungiyoyi 20 ne. Ke nan kowace tana da wasa 38, wato 19 a gida, 19 a waje. Ranar da aka gama sai a tara maki. Ta sama ta ɗauki kambi, huɗun ƙarshe kuma su sauka zuwa ƙaramin rukuni, wasu huɗu su hau su maye gurbinsu. Kai ɗan kasuwa ne, ka san cinikin Alhamis ɗaya ba shi ke nuna riba ba. Sai ka haɗa na shekara, ka cire kuɗin mota da na dako da bashin da aka ci maka, sa'an nan ka san ko ka ci gaba ko ka ci baya. To, haka lig yake. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Katsina United ta ɗanɗana iri biyun duka. An kafa ta a 1994, shekara bakwai bayan ƙirƙiro jihar Katsina. Ba ta daɗe ba ta girgiza ƙasa a gasar Kofin Ƙalubale, domin sau uku a jere tana kaiwa wasan ƙarshe. A 1995 Shooting Stars ta Ibadan ta hana ta, a 1996 Julius Berger ta Legas, a 1997 kuma BCC Lions ta Gboko. Ina ɗan saurayi a lokacin, kuma ban manta yadda muke kewaye rediyo a gindin bedi ba, kowa ya yi tsit, ko tari aka yi sai an harare ka. Sau uku muna zuwa bakin rijiya muna dawowa da ƙishirwa. Bayan wannan sai ƙungiyar ta yi sanyi, ta daɗe a ƙananan rukunoni, har ta yi shekaru ana kiranta Spotlights. Sai a 2016 ta sake samun hawa babbar gasa.

Kakar da kake magana a kanta ita ce ta 2021 zuwa 2022. An fara a watan Disamba, aka ƙare a watan Yuli, Rivers United ta ɗauki kambi. Katsina United ta sha faranta wa magoya bayanta rai a filin wasa na Muhammadu Dikko, amma makin gida kaɗai ba ya riƙe ƙungiya. Da aka yi lissafin ƙarshe sai ga ta cikin huɗun da suka sauka, tare da Kano Pillars da Heartland ta Owerri da MFM ta Legas.

A cikin wannan kaka akwai wani abin da ya kamata kowane mai son ƙwallo ya riƙe. A watan Afrilu na 2022, Katsina United ta je Kano wasa da Pillars. Ana cikin wasa, babu wanda ya ci wani, sai 'yan kallo suka tayar da hargitsi, aka tsayar da wasan, aka kuma farfasa motar baƙi. Hukumar da ke gudanar da gasar ta ci Pillars tara, ta kuma zabtare mata maki 3. Ka ga makin da 'yan wasa suka yi gumi suka tara, 'yan kallo suka zubar da shi cikin minti kaɗan. Ƙarshenta maƙwabtan nan biyu tare suka gangara.

To, amma faɗuwa ba mutuwa ba ce. Ƙaramin rukunin da suka koma an raba shi shiyya-shiyya, ta Arewa da ta Kudu, don a rage wa ƙungiyoyi nisan tafiya da kuɗin mota. Kowace ƙungiya sai ta fara fitar da kanta a cikin shiyyarta tukuna. A 2023 ƙungiyoyi takwas da suka yi fice, huɗu daga Arewa huɗu daga Kudu, suka haɗu a Asaba. A nan Katsina United da Kano Pillars suka karɓi tikitin Arewa, Heartland da Sporting Lagos suka karɓi na Kudu. Wato shekara ɗaya tak suka yi a ƙasa suka dawo. Malam mai rogo, ina fata haushin ya ragu.

ƘWALLON 'YAN MAKARANTA A AMURKA

Malam tela na Runka, Allah ya ƙara wa allura kaifi. Abin da ka gani gaskiya ne, kuma ɗaliban jami'a ne. Sai dai wasan ba irin namu ba ne. Ƙwallon tasu doguwa ce mai tsini biyu, kamar gwanda. Mutum 11 ne a kowane gefe kamar namu, amma da hannu ake ɗaukarta a ruga, ko a jefa wa ɗan'uwa, abokan karawa kuma su yi ƙoƙarin kayar da mai ɗauke da ita. Saboda karon da ake yi ne suke sa hular kwano da matasai a kafaɗa. Tun 1869 jami'o'insu suka fara karawa da juna, lokacin da Rutgers ta yi wasa da Princeton.

Da yake ƙasar tana da faɗi ƙwarai, su ma rukuni-rukuni suka kasa jami'o'in, kamar yadda na bayyana a kan shiyyoyinmu. Alal misali akwai rukunin da ake kira Big Ten, ma'ana manya goma, ko da yake tun 2024 jami'o'i 18 ne a ciki, sunan ne kawai bai canza ba. Kakarsu gajera ce, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba, yawanci ranar Asabar, wasa 12 kafin a shiga na neman kambi. Saboda ƙarancin wasannin, faɗuwa ɗaya tana iya ɓata wa ƙungiya shekara.

A kakar 2023 jami'ar Mishigan ta ci wasanninta 12 duka, tara daga ciki da 'yan rukuninta. Ta doke Iowa ta ɗauki kambin rukuni, ta doke Alabama, sa'an nan ranar 8 ga Janairu 2024 ta doke jami'ar Washinton da maki 34 da 13, ta zama zakarar ƙasa. Wasa 15 ba faɗuwa ko ɗaya. Filin wasan jami'ar yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Amma ko a can ba a rasa ƙura ba, domin a 2025 hukumar wasannin jami'o'i ta ci Mishigan tara mai nauyi saboda leƙen asirin abokan karawa ta hanyar da doka ta hana.

Abubuwa biyu nake so ku riƙe daga labarin Amurka, musamman kai Baba na Ruma. Na farko, duk ƙwarewar yaro, in bai ci jarrabawarsa zuwa mizanin da aka gindaya ba, ba za a bar shi ya sa rigar makaranta ya shiga fili ba. Na biyu, duk da wannan taron jama'a da kuɗin da ke ciki, waɗanda suke samun shiga gasar ƙwararru daga cikin 'yan wasan jami'o'in ba su kai 2 cikin 100 ba. Sauran duk da takardar shaidar karatunsu suke neman abinci.

TO, BABA NA RUMA

Allah ya ƙara girma. Da farko ka kwantar da hankalinka, yaronka ba sabon abu ya ƙirƙiro ba. Wasa a makaranta ya girmi ni da kai. Tun a tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ana fitar da ɗalibai fili da yamma, kuma daga cikinta aka sami su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jami'o'in ƙasar nan suna da gasarsu da ake kira NUGA tun 1966. Kwalejojin ilimi, irin wadda ɗanka yake ciki, suna da tasu mai suna NICEGA. A 2018 kuma aka fara wata gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu zalla, HiFL, wadda jami'ar aikin gona ta Makurdi ta fara ɗauka. A irin waɗannan gasa ma daga shiyya ake farawa, wanda ya fita a shiyyarsa shi ke zuwa na ƙasa. Ke nan gasar shiyyar da yaron ya faɗa maka aba ce sananniya.

Game da taura biyu kuwa, akwai waɗanda suka tauna. Cikin 'yan wasan da suka ciwo wa Nijeriya kofin Afirka a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan. Akwai Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a jami'ar Legas, daga baya har ya zama kwamishinan shari'a na jihar Ribas. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, waɗanda taurar ta karya wa haƙori sun fi yawa, kuma mai magana da kai yana cikinsu.

Kafin in shigo gidan rediyo malamin firamare ne ni, kuma a irin kwalejin da ɗanka yake na yi karatu. Ina shekara ta biyu aka sa ni cikin 'yan wasa, ina tsaron baya ta hagu. Muka ci wasa biyu a jere, kaina ya kumbura. In na bi ta gaban ɗakin cin abinci sai in ji ana kiran lambar rigata. Na daina zuwa darasin safe, wai ina hutar da ƙafa. Ranar wani gwaji muna kan hanyar zuwa wasa, ban ko nemi izni a rubuce ba, na ɗauka ai sunana ya isa. A wasa na huɗu aka fitar da mu. Da sakamako ya fito na faɗi darussa biyu, sai da na ƙara shekara guda bayan abokan karatuna sun tafi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai zage ni ba. Ɗan maraƙin da yake kiwo don auren yayata ya kai kasuwa, ya kawo mini kuɗin a ƙulle cikin leda, ya ajiye ya juya. Wallahi da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Kuma laifin ba na ƙwallo ba ne, ba kuma na makaranta ba. Mu goma sha takwas muka yi tafiyar nan, mu biyu kaɗai muka maimaita.

Saboda haka shawarata ita ce, kada ka hana shi, kada kuma ka sakar masa linzami. In ka hana shi ƙarfi da yaji, ko dai ya riƙa yi a ɓoye, ko ya bari yana jin haushinka, kuma lokacin da yake ɓatawa a fili ba ka san inda zai kai shi ba. Yaron da ke tashi da asuba yana gudu, malami yana tsaye a kansa, ya fi wanda ke zaune a bakin titi nisa da ƙwaya da miyagun abokai. Mu a wannan yanki mun san abin da zaman banza ya jawo mana.

Amma ka kafa masa sharaɗi, kuma ka kafa shi a gaban shaida, ko kawunsa ko limamin unguwa. Duk ƙarshen zango ya kawo maka takardar sakamako. In ba ka karanta boko, ka kai wa hedimastan garinku ya duba maka, kada ka yarda da na baki. Muddin babu darasin da ya faɗi, ya ci gaba da wasansa da albarkarka. Ranar da ya faɗi ko ɗaya ne, ya rataye takalmin sai ya gyara. Makamanciyar wannan doka ce Turawan Amurka suke bi da dukkan arzikinsu, balle kai da ka sayar da raguna.

Sa'an nan maganar hanya. Ba sai na gaya maka abin da ƙasar Ruma ta gani daga bakin dajin Rugu ba. A 2021 har kasuwanni aka rufe, aka katse layukan waya a Batsari da Safana da maƙwabtansu. Don haka ka sa yaron ya ba ka lambar malamin wasanninsu, ka kira shi da kanka. Ka tambaye shi ranar tafiya da ranar dawowa, da motar da za su shiga, da inda za su kwana, da wanda zai biya magani in yaro ya karye. Ka ce masa ba ka yarda da tafiyar dare ba. Malamin kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba, sai ma ya ƙara sa ido a kan ɗanka, tun da ya san akwai uba a bayansa.

Abu na gaba, ka yi hattara da dillalan ƙarya. Da zarar yaro ya fara suna, za ka ga wani ya zo da babbar riga ko kwat, ya ce zai kai shi Turai ko ƙasar Larabawa, a kawo kuɗin biza da na jirgi. Baba, ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita ke kashe kuɗi a kansa. Duk wanda ya ce ka sayar da gona ko shanun huɗa don a kai ɗanka gwaji, ka rako shi bakin ƙofa. Dubi Ahmed Musa. Sai da ya yi wasa a Kano Pillars, ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar ƙasa a 2010, duniya ta gan shi da idonta, sa'an nan wata ƙungiya a Holan ta neme shi. In ɗanka yana da irin wannan baiwa, ba za ta ɓuya ba, kuma takardar malanta ba za ta hana a gan ta ba. In kuwa ba shi da ita, takardar ce za ta ci da shi, ta ci da kai.

Saura maganar girbi, wadda na lura ita ce ta fi sosa maka rai, ko da yake a ƙarshen wasiƙar ka sa ta. Kana da gaskiya. Geron nan da bai zo yankewa ba, shi ne kuɗin makarantarsa. Ka gaya masa haka da bakinka, ba cikin faɗa ba. In gasa ta faɗo lokacin aiki, to hutun da ke biye naka ne, ya zo ya kama sussuka da ɗaukar kara da gyaran rumbu.

Kai kuma ɗan Baba, na san za a kai maka wannan shafi, ko wani ya ce maka an yi maganarka a rediyo. Ban san sunanka ba, amma na taɓa sa irin rigar da kake sawa. Kakar wasanku wata biyu ce ko uku. In kun ci mu taya ku murna, in an ci ku baɗi ma rana ce, ka ga Katsina United ta faɗi ta tashi. Karatunka kuwa shekara uku ne, kuma ragunan da aka sayar ba za su dawo ba. Ka nemi izni a rubuce kafin kowace tafiya, ka tafi da littafinka cikin jaka, ka kuma kira tsohonka kafin ya kira ka.

Baba, in zango ya ƙare ka sake rubuto mana, mu ji yadda takardar ta kasance, mu kuma ji yadda gasar ta ƙare.

Jama'a, a nan za mu dasa aya. Wasiƙun da suka zo a kan farashin taki da maganin ƙwarin wake suna hannu, in Allah ya kai mu mako mai zuwa da su za mu fara. Mai rubuto mana ya riƙa sa sunan garinsu da ƙaramar hukuma, wanda kuma ba ya son a ambaci sunansa ya faɗa, za mu sakaya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.